Famfon yashi na bakin kogin Tweed: yadda yake yi wa jiragen ruwa da masu hawan igiya hidima

A kudancin bakin kogin Tweed, dab da iyakar jihohin New South Wales da Queensland a gabashin Ostireliya, akwai wata gada mai tsawon mita 450 da ta miƙe daga gaɓa ta shiga cikin teku ta tsaya. A ƙarƙashinta an jera famfuna da aka binne cikin yashi, aikinsu kuwa shi ne su tsotse yashin da igiyar ruwa ke turowa daga kudu kafin ya kai bakin kogin, a tura shi ta bututun da ya ratsa ƙarƙashin kogin, a zubar da shi a gefen arewa. Tun shekarar 2001 ake gudanar da wannan hidima, kuma gwamnatocin jihohin biyu ne ke ɗaukar nauyinta tare da gudummawar hukumar birnin Gold Coast. Alkawari biyu aka kafa ta a kansu: mashigar kogin ta kasance a buɗe ga jiragen ruwa, sannan gaɓar kudancin Gold Coast ta riƙa samun yashin da ya kamata ya iso mata. Akwai kuma rukuni na uku na masu cin moriyarta, wato masu wasan hawan igiyar ruwa a tsaye a kan allo, waɗanda bukatarsu ba ta cikin manyan alkawuran nan biyu, amma su ne suka fi kowa magana a kanta, ko yabo ko suka. Abin da nake son aunawa a nan shi ne yadda hidimar ta yi wa kowane rukuni.

Kafin a yanke mata hukunci sai an san ciwon da aka kawo ta ta warkar. A wannan gaɓa igiyoyi sun fi zuwa daga kudu maso gabas, suna bugun tudu a karkace, saboda haka kowace igiya takan ɗan matsar da yashi zuwa arewa. Idan aka tara na shekara guda, yashin da ke wucewa ta nan yakan kai kimanin kubik mita 500,000. Bakin kogi kuwa wuri ne da yashi ke son kwantawa, yana yin tudu a ƙarƙashin ruwa, igiya na fashewa a kansa, wanda hakan babban haɗari ne ga mai shiga ko fita da jirgi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka fara gina katangun duwatsu a gefuna biyu na mashigar don a matse ruwan kogin ya riƙa wanke hanyarsa da kansa, sannan tsakanin 1962 da 1965 aka ƙara musu tsawon kimanin mita 380 zuwa cikin teku. Jiragen kamun kifi sun sami sauƙi na ɗan lokaci. Sai dai katangar kudu ta zama shinge, yashin da ya saba wucewa ya taru a bayanta, a gaɓar Letitia, yayin da gaɓar Coolangatta da ta Kirra da ke arewa, a kudancin Gold Coast, suka shiga ƙamfar yashi. Da guguwar teku ta yi ta bugun yankin a 1967, zaizayar da aka gani ta tayar wa kowa hankali. Daga bisani ma yashin ya cika bayan katangar, ya fara zagaye bakinta, tudun da aka gudu ya sake dawowa mashigar. Wato an rasa yashi a inda ake bukatarsa, an kuma same shi a inda ba a so.

Dabarar da aka zaɓa ta burge ni, domin ta amince da cewa yashin nan ba zai daina tafiya ba, don haka gara a taya shi tsallake kogin da a ci gaba da tare shi. Famfunan da ke ƙarƙashin gadar ba su da wani sashe mai juyawa a cikin yashin. Ana ɗebo ruwa daga kogin, a matsa shi da ƙarfi ta bututu zuwa bakin kowane famfo, inda wani ɓangaren ruwan ke burkita yashin da ke kewaye, saura kuma ya bi ta wani matsattsen maƙogwaro da gudu, gudun nan ya janyo yashin da ruwa tare. A hankali kowane famfo yakan haƙa wa kansa rami mai siffar mazurari a ƙasan teku, ramukan su haɗu su zama kwari a tsawon gadar, duk yashin da ya zo wucewa ya gangara ciki. Daga nan cakuɗen yakan koma tudu a tace shi daga itatuwa da ɓawon kifi da sauran tarkace, kafin manyan famfuna su tura shi arewa. Babbar mafitar tana gabashin duwatsun Snapper Rocks, akwai kuma wasu da ake amfani da su jefi-jefi, ciki har da ta Duranbah da ta Kirra. Wanda ya tsaya kusa da mafitar lokacin da ake aiki zai ga ruwa mai launin ƙasa yana kwarara daga bututu zuwa cikin kumfar teku, igiya tana kwashe shi nan take tana zagayawa da shi bayan duwatsun. Babu wani ado a wurin, amma daga nan ne yashin da ya yi wa yankin suna yake fitowa.

Ta fuskar masu jiragen ruwa, waɗanda dominsu aka fara komai, hidimar ta cika mafi yawan alkawarinta. Manufar da aka rubuta ita ce a samu zurfin da bai gaza mita 3.5 ba a mashigar ko da teku ta janye sosai, kuma mashigar ta fi yadda take a shekarun da suka gabaci aikin. Amma ya kamata a faɗi gaskiya cewa gadar ba ta kama duk yashin. Idan teku ta yi fushi, yashi yakan bi ta can waje ya wuce bakin gadar, ambaliyar kogi ma takan kawo nata, shi ya sa har yanzu ake kawo jirgin yasa lokaci zuwa lokaci ya kwashe abin da ya kwanta a hanya. Tsakanin wata yasa da wata, tudun yakan sake tasowa. Mai ƙaramin jirgi da ke son fita ta Tweed har gobe sai ya duba yanayin igiya da lokacin cikar teku, ya guji fita sa'ad da ruwan kogi ke janyewa yana karo da igiya mai shigowa. Hidimar ta rage haɗari, ba ta kawar da shi ba, kuma ban ga laifinta a nan ba, domin babu na'urar da za ta mayar da bakin kogi tafki.

Inda labarin ya fi daɗi, ya kuma fi rikitarwa, shi ne wajen igiyar hawa. Abin da ke tsara siffar igiya shi ne ƙasan da take bi ta kansa. Igiya takan fashe idan zurfin ruwa ya ragu ya kusa daidai da tsayinta, da ɗan ƙari kaɗan. Idan tudun yashi ya kwanta daidai da fuskar igiyar, sai ta fashe gaba ɗaya a lokaci guda, ba ta da amfani ga mai allo. Idan kuwa tudun ya kwanta a karkace, sai ta fara fashewa daga gefe ɗaya tana bi a hankali zuwa ɗaya gefen, mai hawa yana gudu a gaban kumfar. Idan ƙasan ya taso da sauri daga zurfi zuwa tudu, sai leɓen igiyar ya tuma gaba ya naɗe, ya bar kogo a ciki, wanda shi ne abin da ƙwararru ke nema ruwa a jallo. Don haka duk wanda ya taɓa yashi, ko da niyyar gyara hanyar jirgi ce, ya taɓa igiya, ko ya sani ko bai sani ba.

A shekarun farko na aikin an zuba yashi fiye da abin da teku ke ɗauka da kanta. Tun daga 1995 jiragen yasa suka kwashe miliyoyin kubik mita daga mashigar suka zuba a arewa, sannan famfon ya zo ya ɗora, da nufin a biya gaɓar bashin shekaru talatin. Yashin ya zagaye Snapper Rocks ya cike guraben da ke tsakanin tsaunukan gaɓar, ya haɗe Rainbow Bay da Greenmount da Coolangatta har zuwa Kirra a kan tudu guda mai tsawon kusan kilomita 2, wanda ya kwanta a karkacen da ake so. Shi ne aka yi wa laƙabi da Superbank. Wuraren da a da kowanne yake da gajeriyar igiyarsa suka zama layi ɗaya, ta yadda a ranar da igiya ta zo daidai mutum zai iya hawa tun daga bayan duwatsu ya yi ta tafiya har ƙafafunsa su gaji. Daga 2002 aka mayar da Snapper Rocks wurin buɗe gasar duniya ta ƙwararru na tsawon shekaru, kuma a kan wannan yashi ne Mick Fanning, wanda ya ci kambun duniya a 2007 da 2009 da 2013, da Joel Parkinson da ya ci a 2012, da Stephanie Gilmore mai kambu takwas, suka yi ta goge ƙwarewarsu. Wurin da ake fara hawa a Snapper abin kallo ne: igiya takan bugi dutse ta dawo baya ta yi karo da mai zuwa, ruwan ya yi tsalle sama, mai hawa kuma dole ya miƙe a kan allonsa a daidai wannan hargitsi, taku kaɗan daga dutsen, kafin igiyar ta daidaita ta miƙa.

Idan aka tsaya a nan sai a ce hidimar ta ba da kyautar da ba a roƙe ta ba. Amma yashin da ya gina Superbank shi ne ya binne Kirra, kuma a nan ne babban sukana yake.

Kirra tana da tarihin da ya girmi famfon. A 1972 aka gina wata katangar duwatsu a tsinin Kirra don ta riƙe wa Coolangatta yashi, kuma cikin ikon Allah katangar ta daidaita tudun da ke bayanta, igiyar wurin ta zama ɗaya daga cikin mafiya zurfin kogo da aka sani a duniya. A nan Michael Peterson da Wayne Bartholomew, zakaran duniya na 1978, suka yi suna. Abin lura shi ne ita ma wannan igiya da ake kuka a kanta aikin injiniya ne ya taimaka wajen ƙera ta, kuma ƙarancin yashin da katangun Tweed suka jawo yana cikin abin da ya ba ta zurfin da take bukata. A tsakiyar shekarun 1990 aka rage wa katangar mita 30, sannan yashin famfo ya iso da yawa. Gaɓar ta faɗaɗa har mai zuwa wanka sai ya yi doguwar tafiya a kan rairayi mai zafi kafin ya taɓa ruwa, zurfin da ke gefen tsinin ya cike, igiyar ta koma fashewa a can waje a kan tudun da ya miƙe, sau da yawa tana rufewa gaba ɗaya. Duwatsun ƙarƙashin ruwa na Kirra, inda kifaye ke taruwa masu ninƙaya kuma ke zuwa kallo, su ma yashi ya kusa shafe su. Shekarun nan kuma ba a sami manyan guguwowi da yawa da za su kwashe rarar zuwa arewa ba. A watan Janairun 2009, ranar bikin ƙasa ta Ostireliya, ɗimbin masu hawan igiya suka shiga ruwa a Kirra a kan allunansu don neman a dawo musu da igiyarsu.

A ganina kuskuren yana cikin ma'aunin da aka ɗauka tun farko. An auna nasarar aikin da yawan kubik mitar da aka tsallakar, alhali abin da ya dami mai hawan igiya da mai kamun kifi a kan duwatsu shi ne inda yashin ya sauka da siffar da ya ɗauka. Ana iya cika alƙaluman shekara cif, a kuma lalata wuri. Wani zai ce ba a yi alkawarin kare Kirra ba, kuma gaɓa mai faɗi kariya ce ga gidaje da tituna idan guguwa ta zo, wanda gaskiya ne. Sai dai hidimar da ke da iko a kan yashin yanki guda ba za ta ce abin da yashin ya yi bayan ya bar bakin bututu ba ruwanta ba.

Abin da ya sa ban tsaya a kan suka ba shi ne yadda aka gyara tafiyar daga baya. Wajen ƙarshen shekarun 2000 aka rage yawan abin da ake turawa ya koma kusa da abin da teku ke kawowa da kanta, aka fara zuba yashin yasa a wurare dabam-dabam maimakon a jibge shi a wuri guda, aka kwashe wani ɓangare na rairayin Kirra aka mayar da shi tuddan bayan gaɓa, sannan a 2013 aka mayar wa katangar Kirra mita 30 ɗin da aka cire. Da manyan igiyoyi suka yi aikinsu, duwatsun ƙarƙashin ruwa sun sake bayyana, Kirra kuma ta koma ba da ranakun da ake labari, musamman idan guguwa daga Tekun Coral ta turo igiya daga gabas. Tsofaffin wurin za su ce ba ta kai ta da ba, kuma ba ta yin aiki a kai a kai kamar da. Ba ni da hujjar musa musu. Amma an nuna cewa ɓarnar yashi tana gyaruwa idan an sassauta hannu, saɓanin ɓarnar kankare. Hidimar kuma tana wallafa adadin yashin da ta tura da inda ta zuba shi, ana sa ido a kan gaɓar da kyamarori da awon zurfi, akwai kuma kwamitin shawara da jama'ar yankin ke da wakilci a ciki. Wannan buɗaɗɗen aiki ya cancanci yabo, domin yana ba mai ƙorafi damar yin magana da alƙaluma a hannu.

Darajar wannan sassauci takan fito idan aka dubi abin da ya faru a wasu wurare. A Dana Point da ke Kalifoniya, ginin tashar jiragen ruwa da aka fara a 1966 ya shafe igiyar da ake kira Killer Dana har abada, domin katanga ce aka dasa a kanta. A Mundaka da ke yankin Basque na Sifaniya, yasar da aka yi a bakin kogin don a fitar da jirgi daga wata ma'aikatar ƙera jirage ta rushe tudun da igiyar ke fashewa a kai, har aka soke gasar duniya ta 2005 a wurin, sai da kogi da teku suka sake gina tudun da kansu. A ɗaya ɓangaren kuma, igiyar Wedge ta Newport Beach, ita ma a Kalifoniya, ta samu ne daga katangar mashigar tashar da aka tsawaita a shekarun 1930, inda igiya ke bugun duwatsu ta dawo ta hau kan ta bayanta. Ko a nan Tweed ɗin, gaɓar Duranbah da ke manne da katangar arewa ta zama wurin da ake samun abin hawa ko a ranar da sauran wurare suka kwanta, albarkacin katangar da tudun bakin kogin da ke karya igiya gida-gida. Duk waɗannan, mai kyau da marar kyau, sun faru ne ba da niyya ba. Bambancin Tweed shi ne akwai famfon da za a iya ƙara masa ƙarfi ko a rage, da mafitar da za a iya sauyawa, don haka kuskure ba ya zama na dindindin.

Akwai wasu illoli da ba a cika ambata ba. Gaɓar Letitia, inda ake tsotsar yashin, ta ja da baya a kusa da gadar, wanda ba abin mamaki ba ne tun da dama katanga ce ta tara shi, amma mazauna gefen kudu suna da haƙƙin su tambaya iyakar inda za a tsaya. Duranbah kuma, da yake tana tsakanin katanga da tsaunin Point Danger, ba ta samun yashi da kanta yadda ya kamata, sai an buɗe mata mafitarta lokaci-lokaci, ingancin igiyarta yakan hau ya sauka da wannan. Sai cunkoso. A ranar da igiya ta yi kyau ɗaruruwan mutane ne ke cikin ruwa a Superbank, ga kuma ruwa mai ja zuwa arewa da ƙarfi, wanda ke sa mutum ya yi ta tuƙi da hannu don kawai ya tsaya a inda yake, da yawa ma sukan fita su dawo Snapper da ƙafa su sake shiga. Haɗe wurare huɗu zuwa layi ɗaya ya tara jama'ar da a da suke rarrabe, kuma karo da cacar baki ba baƙon abu ba ne. Ba famfon ne ya kawo mutanen ba, amma shi ya gina abin da suka zo nema. Wanda bai ƙware ba zai fi samun natsuwa a Rainbow Bay ko Greenmount a ranar da igiya take ƙarama.

Wani rauni kuma na tsarin ne gaba ɗaya: hidima ce da ba ta da ranar gamawa. Muddin katangun suna nan, dole a ci gaba da biyan kuɗin wutar lantarki da gyaran bututun da yashi ke ci da hayar jirgin yasa. Ranar da aka daina, yashi zai koma taruwa a Letitia da bakin kogin kamar yadda ya yi bayan 1965. Mashigar Gold Coast Seaway da ke arewa, wadda aka buɗe a 1986 da irin wannan famfo tun daga farko, tana ɗauke da nauyi iri ɗaya. Duk mai shirin gina katanga a bakin kogi ya kamata ya sa wannan kuɗi na har abada a cikin lissafinsa tun ranar farko.

Hukuncina shi ne hidimar ta yi kyau ga masu jirage, da sharaɗin kada su ɗauke ta a matsayin lamuni. Ta yi kyau ƙwarai ga gaɓar Coolangatta da masu gidaje da otal-otal a bayanta. Ga masu hawan igiya kuwa, shekarunta goma na farko sun ba da Superbank sun karɓe Kirra, shekarun da suka biyo baya kuma sun nuna ana iya riƙe na farkon ba tare da an kashe na biyun gaba ɗaya ba. A 2016 aka ayyana gaɓar daga Burleigh zuwa Snapper Rocks, mai tsawon kilomita 16, a matsayin keɓaɓɓen wurin hawan igiya na duniya, wanda ya ƙara wa masu allo nauyi a teburin shawara. Abin da nake ganin ya rage shi ne a rubuta ingancin igiya da lafiyar duwatsun Kirra a cikin manufofin aikin da ma'auni bayyananne, kamar yadda aka rubuta zurfin mita 3.5 na mashigar, ta yadda za a iya tuhumar masu gudanarwa idan ɗayansu ya lalace.